Yadda Ofishin Nazarin Tsuntsaye Ya Zama Hukumar Kashe Namun Daji a Amurka

Wani ɗalibi da ke karatun gandun daji da namun dawa ya aiko da tambaya. Ya ce ya karanta cewa gwamnatin Amurka na da wata hukuma da ke kashe dabbobin daji sama da miliyan ɗaya a shekara, kuma wai ita ce dai ke da babbar cibiyar bincike kan namun daji. Yana so ya san ko gaskiya ne, yaya aka yi ayyukan nan biyu suka haɗu a hannu ɗaya, sannan ko aikin hukumar ya taɓa shafar ƙasashenmu.

Ƙanena, abin da ka karanta gaskiya ne. Sunan hukumar a yau Wildlife Services, tana ƙarƙashin ma'aikatar aikin gona ta Amurka, cibiyar bincikenta kuma tana garin Fort Collins a jihar Kolorado. Ita da kanta take wallafa alƙaluman abin da ta kashe kowace shekara. Mafi yawansu tsuntsaye ne da aka shigo da su daga Turai suka zame wa gonaki da wuraren kiwo annoba, sai aladun daji. Amma a ciki akwai dubban ɗaruruwan dabbobin da asalinsu 'yan ƙasar ne, kuma wanda aka fi taƙaddama a kansa shi ne koyoti, wani karen daji da ya fi dila girma bai kai kyarkeci ba. Ana kashe fiye da dubu sittin nasa a yawancin shekaru.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ba don kisa aka kafa ta ba. A shekarar 1885 majalisar dokokin Amurka ta ware dala 5,000 don a buɗe wani ɗan ƙaramin ofishi a ma'aikatar gona da zai yi nazarin alaƙar tsuntsaye da noma. Ƙungiyar masana tsuntsaye ta ƙasar, wadda aka kafa a 1883, ita ta matsa lamba har aka yi hakan, aka kuma ɗora wani matashin likita mai suna C. Hart Merriam a kan ofishin. Shekara guda bayan nan aka ƙara masa nazarin dabbobi masu shayarwa.

Tambayar da suka fara da ita mai sauƙi ce: wannan tsuntsun da manomi ke zargi, me yake ci a zahiri? Hanyar da suka bi kuwa ita ce su harbo tsuntsu, su buɗe cikinsa, su zuba abin da ke ciki a faranti, su ƙirga. Ƙwayar hatsi nawa, ƙwaro nawa, gashin ɓera nawa, ƙashin ɗan tsako nawa. Aiki ne mai cin rai, amma a ganina shi ne mafi darajar abin da hukumar nan ta taɓa yi, domin shi ya fara raba zargi da hujja.

Ga misalin da ya nuna amfaninsa. A 1885 ɗin nan jihar Pensilbeniya ta yi doka cewa duk wanda ya kawo kan shaho ko na mujiya, ko na wasu ƙananan dabbobi masu cin kaji, za a ba shi kwabo 50 na dala. Cikin shekara ɗaya da rabi jihar ta biya kimanin dala 90,000 a kan kawuna sama da 128,000. Merriam ya zauna ya yi lissafi, ya nuna cewa kajin da aka tsirar da wannan kisa kuɗinsu bai kai dala 2,000 ba. Bayan haka ga ɓerayen gona da waɗannan tsuntsaye za su cinye, waɗanda yanzu aka sakar musu mara suka shiga hatsi. A 1887 aka soke dokar. Sai a 1893 abokin aikinsa A. K. Fisher ya fitar da sakamakon buɗe cikin shaho da mujiya kusan 2,700, ya tabbatar da cewa daga cikin ire-irensu sama da saba'in, shida ne kawai za a iya kira masu ɓarna. Sauran duk masu yi wa manomi aiki ne ba tare da ya biya su ba. Ka riƙe wannan, domin duk rigimar da ta biyo baya a kan wannan tambaya ta "me yake ci" take juyawa.

Shi Merriam zuciyarsa ba a gona take ba. Abin da yake so shi ne ya san kowace dabba da ke nahiyar, da inda take zaune, da dalilin da ya sa take can. A 1889 ya hau duwatsun San Faransisko na jihar Arizona, ya lura da yadda tsirrai da dabbobi ke sauyawa daga gindin dutse zuwa ƙololuwa, kamar yadda suke sauyawa idan mutum ya taso daga Meziko ya nufi arewacin Kanada. A 1891 ya tura ayari zuwa Kwarin Mutuwa na Kalifoniya. Mutanensa suka tara fatu da ƙoƙunan kai na dabbobi dubbai, waɗanda har yau suna ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washinton, masana na amfani da su. A 1896 aka mai da ofishin sashen ƙididdigar halittu, a 1905 kuma ya zama cikakkiyar hukuma. To amma 'yan majalisa, musamman na jihohin noma da kiwo, suka fara tambayar me talakan da ya zaɓe su ya samu daga wannan tarin fatu. A 1907 saura kaɗan su datse kuɗin hukumar baki ɗaya. Merriam ya bar aiki a 1910, waɗanda suka gaje shi kuma sun fahimci cewa idan suna son hukumar ta rayu, sai sun nuna wa majalisa wani abu da za a iya ƙirgawa.

Abin ƙirgawar yana yammacin ƙasar yana jira. Kafin tsakiyar shekarun 1880 mafarauta sun kusa ƙarar da ɓaunan Amurka, wanda a da yawansa ya kai miliyoyi masu yawa, sun kuma rage bareyi ƙwarai. Sai aka cika filayen da shanu da tumaki. Kyarkeci da koyoti da damisar dutse suka wayi gari abincinsu na asali ya tafi, ga kuma garken da ba ya iya gudu an kawo musu har gida. Asarar masu kiwo ta gaske ce, kada wani ya gaya maka ƙirƙira ce. Jihohi sun gwada biyan lada a kan kowane kai, amma magudi ya kashe tsarin: a kai fata ɗaya a karɓi kuɗi a ƙaramar hukuma biyu, ko maharbi ya bar macen da rai don ta riƙa haifa masa abin sayarwa kowace shekara. Ga shi kuma tun 1906 gwamnatin tarayya ta fara karɓar kuɗin kiwo a gandayen dajinta, sai masu garke suka ce tunda kuna karɓar kuɗinmu, ku kawar mana da abin da ke cin dabbobinmu a filinku. A 1907 Vernon Bailey, ɗaya daga cikin ƙwararrun ma'aikatan hukumar kuma mijin ƙanwar Merriam, ya rubuta rahoto kan yadda ake gano ramin kyarkeci a kashe 'ya'yansa da yadda ake ɗana tarko da guba. A 1915 majalisa ta ba hukumar dala 125,000 don ta ɗauki maharba da masu tarko na albashi. Shekarar da ta biyo baya ciwon haukan kare ya bazu tsakanin koyoti a jihohin Nebada, Oregon, Aidaho da arewacin Kalifoniya, yana kama dabbobi da mutane, aka ƙara mata kuɗi.

A nan ne, a fahimtata, akalar ta juya, kuma ba don mutanen hukumar sun zama mugaye ba. Tsarin kuɗin ne ya sauya. Aka fito da abin da suke kira aikin haɗin gwiwa: gwamnatin tarayya ta sa wani kaso, jiha ta sa, ƙaramar hukuma ta sa, ƙungiyar masu tumaki ko masu shanu ta sa nata. Kafin a jima, kuɗin da ke zuwa daga waɗannan abokan hulɗa ya zama babban ginshiƙin aikin. Wanda kuwa ya biya kuɗi yana son ya ga gawa. Sai ya zamana ana auna nasarar ma'aikaci da yawan fatun da ya kawo a wata, ba da yawan 'yan tumakin da suka tsira ba. Waɗannan ma'aunai biyu ba ɗaya ba ne, kuma hukumar ta shafe kusan shekara hamsin tana amfani da na farko.

Shi ma binciken sai ya bi sahun kuɗi. A 1920 aka buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Albukarki ta jihar New Mexico don gano hanyoyin ƙarar da waɗannan dabbobi, a 1921 aka mai da shi Denver. Wannan ɗakin shi ne kakan cibiyar Fort Collins da ka karanta labarinta. Gubar da aka fi amfani da ita a lokacin ita ce sitiriknin. Za a kashe tsohon doki a jefar a daji, a yanka kitse ƙanana-ƙanana a cusa gubar a ciki, a warwatsa kewaye da mushen. Duk abin da ya zo ya ci ya mutu: koyoti, yanyawa, gaggafa, hankaka, har karen makiyayi. Ga masu ramuka kuma, musamman wani irin kurege da ke zama gari guda a filayen ciyawa, sai a jiƙa hatsi da guba a bi ramuka ana zubawa, eka miliyoyi. Akwai wata 'yar dabba mai baƙaƙen ƙafafu, dangin tunku, wadda ba ta da abinci ko wurin kwana sai a garin wannan kurege. Ba wanda ya yi niyyar kashe ta, amma ta bi abincinta ta tafi, har aka ɗauka ta ƙare a duniya. Sai a 1981 aka gano ragowarta kusa da garin Meeteetse a jihar Wayomin, kuma daga guda 18 da aka kama aka killace ne aka sake raya irinta. Kyarkeci kuwa, zuwa shekarun 1930 ya kusa ɓacewa daga yammacin Amurka gaba ɗaya.

Masana ba su yi shiru ba. A taron ƙungiyar masana dabbobi masu shayarwa na 1924, malaman jami'a suka tashi suka ƙalubalanci hukumar a gaban jama'a, kuma Joseph Grinnell na Jami'ar Kalifoniya da ɗalibansa su ne suka riƙe wannan tuta shekara da shekaru. Ba cewa suke a bar kyarkeci ya cinye garken mutane ba. Cewa suke ku koma ga aikinku na farko, ku buɗe ciki ku gani, ku ƙirga abin da gubarku ke kashewa ba da niyya ba. Hukumar ta yi alkawarin bincike, amma a majalisa masu kiwo sun fi malaman jami'a murya. Ranar 2 ga Maris 1931 shugaba Hoover ya sa hannu a dokar shawo kan ɓarnar dabbobi, wadda ta ba ma'aikatar gona iko a fili ta yaƙi waɗannan dabbobi a filayen gwamnati da na jama'a. Har gobe wannan doka, da gyare-gyaren da aka yi mata, ita ce tushen ikon hukumar.

Da aka buɗe cikin kuwa, ga abin da aka gani. Olaus Murie, ma'aikacin hukumar ne da kansa, ya yi nazarin abincin koyoti a kwarin Jackson Hole, ya samu cewa akasarinsa ɓeraye ne da mushe. A 1941 Charles Sperry na ɗakin binciken Denver ya fitar da sakamakon ciki sama da 8,000: kusan kashi ɗaya cikin uku zomaye ne, kashi ɗaya cikin huɗu mushe, sai ɓeraye, dabbobin kiwo kuma ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Wato hujjar tana cikin gidan, ma'aikatansu ne suka samo ta, amma ba ta sauya abin da ake yi a daji ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo a duk tarihin.

Kada ka ɗauka kisa kaɗai hukumar ke yi a waɗannan shekaru. Ita aka damƙa wa dokar Lacey ta 1900 mai hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, ita ke kula da wuraren da aka keɓe wa tsuntsaye tun daga tsibirin Pelican na Fulorida a 1903. A 1920 ta karɓi aikin sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, wanda da shi Frederick Lincoln ya gano manyan hanyoyi huɗu da agwagin ruwa ke bi a ƙaurarsu. A 1939 aka ɗauke ta daga ma'aikatar gona zuwa ta cikin gida, a 1940 aka haɗe ta da hukumar kifi, suka zama Hukumar Kifi da Namun Daji. Sai ga gida ɗaya, wani ɗaki yana kare dabba, wani ɗaki yana dafa mata guba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo sabon makami. An rasa wasu magungunan ɓera da ake shigowa da su daga waje, sai masu binciken gwamnati suka shiga gwada sinadarai, suka faɗa kan wanda aka sani da 1080. Ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, yana narkewa a ruwa, kuma dangin kare sun fi kowace dabba saurin mutuwa da shi. Sai a yi wa naman doki allurarsa a ajiye a daji duk tsawon hunturu. Matsalarsa ita ce wanda ya ci ba ya mutuwa nan take, yana iya yin tafiya mai nisa yana amai, kuma abin da ya ci aman ko gawar shi ma yana iya tafiya. Aka kuma zo da wani ɗan bututu da ake kafawa a ƙasa a shafa masa abu mai wari, idan dabba ta ja da baki sai ya fesa mata gubar sayanaid. Sabon samfurinsa, wanda aka fito da shi a ƙarshen shekarun 1960, shi ake kira M-44.

Duk da wannan, koyoti bai ƙare ba. Yaɗuwa ma ya yi. Dabbar da a da take zaune a tsakiya da yammacin nahiyar, yau tana kowace jiha ban da Hawai, har cikin manyan birane kamar Shikago. Dalilan sanannu ne ga duk wanda ya karanci ilimin yawan dabbobi. An kawar masa da kyarkeci, wanda shi ne babban mai danne shi. Idan kuma aka rage yawansa a wuri, abinci yakan wadata ga waɗanda suka saura, mata su haifi 'ya'ya da yawa, waɗanda da ba za su samu damar haihuwa ba su samu, 'ya'yan kuma su fi rayuwa, sannan na maƙwabta su kwararo su cike gurbi. A 1975 wasu masana biyu, Connolly da Longhurst, suka yi lissafin cewa sai an kashe kusan kashi uku cikin huɗu na koyoti kowace shekara, har tsawon shekara hamsin ba fashi, kafin a ƙarar da shi a wuri. Su kuma tumakin da ake yi dominsu, yawansu a Amurka ya kai kimanin miliyan 56 a 1942, yau bai wuce miliyan 5 da 'yan kai ba. Faɗuwar ta fara ne tun kafin gubar 1080 ta bazu, ta kuma ci gaba a shekarun da gubar ke ko'ina a daji, domin manyan dalilanta su ne tsadar ma'aikata, zuwan zaren roba da ya karya kasuwar ulu, da naman da ake shigowa da shi daga Ostareliya da New Zealand.

A 1964 wani kwamiti ƙarƙashin A. Starker Leopold ya miƙa wa sakataren harkokin cikin gida rahoto cewa kisan ya wuce abin da ake buƙata nesa ba kusa ba, kuma shirin ya zama mai yi wa kansa aiki. Aka sauya suna da shugabanni, amma a daji ba abin da ya sauya sosai. A 1971 aka tsinci gawarwakin gaggafa a wani kwazazzabo kusa da Casper a Wayomin, bincike ya nuna guba suka ci, daga baya kuma ta fito cewa an harbe wasu ɗaruruwa daga jirgi mai saukar ungulu. Masu kiwo ne suka yi wannan, ba ma'aikatan hukumar ba, amma fushin jama'a ya haɗa da kowa. Kwamiti na biyu, na Stanley Cain, ya maimaita abin da na farko ya faɗa da kakkausar murya, ya kuma ɗora yatsa a kan tsarin kuɗin haɗin gwiwa. A watan Fabrairu 1972 shugaba Nixon ya hana amfani da guba kan dabbobi masu farauta a filayen gwamnatin tarayya. Hanin bai daɗe da ƙarfinsa ba: shugaba Ford ya sassauta shi a 1975 don a dawo da M-44, shugaba Reagan ya soke shi a 1982, ko da yake ba a koma ga warwatsa nama mai 1080 kamar da ba. Abin da aka amince da shi a 1985 shi ne wata 'yar jaka mai gubar da ake ɗaura wa tunkiya a wuya, don wanda ya cije ta shi kaɗai ya mutu. A ƙarshen 1985 ɗin masu kiwo suka yi nasarar sa majalisa ta mai da sashen kashe dabbobin zuwa ma'aikatar gona, inda suke ganin za a fi sauraronsu. Sunan da take amsawa yanzu a 1997 ta same shi.

Akwai wani abu da ya faru a tsakanin nan da ya kamata ɗalibin namun dawa ya sani. Bayan dokar kare halittun da ke gab da ƙarewa ta 1973, gwamnatin da ta biya aka kashe kyarkeci ita ta koma tana biya a dawo da shi. A 1995 aka kamo wasu daga Alberta ta Kanada aka sake su a gandun Yellowstone da tsakiyar Aidaho. Kyarkecin Meziko kuwa, wani gogaggen mai tarko, Roy McBride, aka tura tsakanin 1977 da 1980 ya kamo guda biyar da rai daga ragowar da ke duwatsun Meziko, aka yi kiwonsu a killace, aka fara sakin zuriyarsu a 1998. Ilimin bin sawu da ɗana tarko da aka tara don kisa, shi ɗin ne ya yi amfani wajen ceto.

Hanin 1972 ya yi wa binciken alheri, domin ya tilasta masu bincike neman wata hanya. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka shiga gwada manyan karnukan gadi na Turai da Turkiyya, waɗanda ake rainon su cikin garke tun suna ƙanana har su ɗauki tumaki a matsayin danginsu. Wani abu ne da makiyaya a wasu sassan duniya suka sani tun kaka da kakanni, amma ga masu kiwon Amurka sabo ne, kuma ya rage asara sosai. Cibiyar ta yi aiki kan wani sinadari mai ƙamshin inabi da tsuntsaye suka tsana, ana fesa shi a kore su ba tare da an kashe su ba. Ta ƙirƙiro allurar hana haihuwa ta bareyi da aka yi wa rajista a 2009. Tun shekarun 1990 ana jefa miliyoyin ƙunshin abinci mai rigakafin haukan kare daga jirgin sama, kuma da wannan aka kawar da nau'in cutar da ke yawo tsakanin koyoti a kudancin Teksas, cutar da a 1916 guba ce kaɗai amsarta. A tsibirin Guam, inda wani maciji baƙo ya cinye kusan duk tsuntsayen daji, sun gano cewa ƙwayar farasitamol na kashe shi, sai su cusa ta cikin mataccen ɓera su rataya a bishiya daga sama. Su ne kuma ke aikin korar tsuntsaye a filayen jiragen sama, aikin da jama'a suka san muhimmancinsa ranar 15 ga Janairu 2009, da garken dinya ya kashe injina biyu na wani jirgin fasinja har ya sauka a kogin Hudson.

Amma tsohuwar ɗabi'a ba ta mutu ba. Har yanzu ana harbin koyoti daga jirgi a lokacin hunturu a wuraren da ba a riga an yi ɓarna ba, da sunan rigakafi, kuma masana da dama na cewa hujjar amfanin hakan ba ta da ƙarfi. A 2017 wani M-44 da aka kafa kusa da gidajen mutane a Pocatello ta Aidaho ya fesa wa yaro ɗan shekara 14 guba, ya kashe karensa a gabansa. A 2023 hukumar da ke kula da kaso mafi girma na filayen gwamnatin tarayya ta hana kafa shi a filayenta. Ra'ayina shi ne ƙasa na buƙatar irin wannan hukuma, domin manomin da aladun daji suka tone wa gona ko makiyayin da ya wayi gari ya tarar da 'yan tumakinsa a yashe yana da haƙƙin a taimaka masa, kuma idan gwamnati ba ta zo ba, zai sayo guba da kansa ya yi ɓarnar da ta fi wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar wanda ke biyan kuɗin kisa ya zama shi ke yanke hukuncin ko kisan ya yi amfani.

Sai batun ƙasashenmu. E, ta shafe mu. Daga ƙarshen shekarun 1960 hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, ta ɗauki nauyin masanan Denver su yi aiki a ƙasashen waje. A Meziko sun yi nazarin jemage mai shan jinin shanu, suka gano cewa idan aka kama kaɗan aka shafa musu maganin hana daskarewar jini a baya, sauran za su lashe a makwancinsu. A Filifin da Bangaladash sun yi aikin ɓeran shinkafa da alkama. A Afirka kuwa babban aikinsu kan jan baki ne, tsuntsun da manomin gero da dawa da shinkafa daga Kebbi zuwa Hadeja da Nguru har bakin tafkin Chadi ya sani sarai. Sun yi aiki tare da masanan Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Sudan da Habasha da wasu ƙasashe, har suna fesa wa garken tsuntsayen wata hoda mai ƙyalli daga jirgi don a gane inda suka nufa bayan sun tashi daga sheƙa. Bayan annobar ɓeraye da ta auka wa yankin Sahel a tsakiyar shekarun 1980, sun kuma yi aikin bincike kan ɓeran gona a Chadi.

Abin da binciken jan baki ya nuna, nasu da na sauran masana, ya yi kama da na koyoti. An kiyasta yawan tsuntsun ya kai biliyan ɗaya da rabi a Afirka, ainihin abincinsa kuma ƙwayar ciyawar daji ce, ga hatsi yake komawa idan ta yanke masa. An shafe shekaru ana fesa maganin fenthion a makwancinsa da dare ana kashe miliyoyi, amma yawansa bai ragu ba, domin galibin waɗanda ake kashewa da ma yunwar ƙarshen rani za ta kashe su, ruwan sama da ciyawa ne ke ƙayyade yawansa. Feshin kuma yana kashe shaho da mujiya da sauran abin da ya ci gawar, yana sauka a ruwan fadama da ake kamun kifi. Shi ya sa shawarar da masana suka tsaya a kai ita ce a daina neman ƙarar da tsuntsun, a yi feshi kawai a makwancin da ke kusa da gonar da hatsinta ya fara nuna, a sa masu sa ido su gano makwancin tun da wuri, a daidaita lokacin shuka a fadama ɗaya don kada gonar mutum guda ta zama ita kaɗai ce da hatsi a tsaye, a kuma rage kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Hadeja da Nguru, wadda a cikinta tsuntsun ke samun wurin kwana.